Dalilan da Ke Sa Tsohuwar Mota Ta Mutu a Silo da Hanyoyin Gano Su

Gabatarwa

A garuruwa da ƙauyukan wannan jiha, tsohuwar mota ce ke ɗauke da mafi yawan nauyin sufuri. Ita ke kai hatsi da dabbobi kasuwa, ita ke ɗauko taki, ita ce kuma ake nema cikin dare idan naƙuda ta zo da gardama ko maciji ya sari mutum a gona. Haka nan a sakatariyoyin ƙananan hukumomi da cibiyoyin kiwon lafiya matakin farko, da dama daga cikin motocin aiki sun daɗe suna hidima. Ɗaya daga cikin matsalolin da suka fi addabar irin waɗannan motoci ita ce mutuwar inji a silo, wato mota ta yi tafiya lafiya lau a kan hanya, amma da zarar direba ya ɗaga ƙafa daga totur a mahaɗar hanya, ko a danja, ko a cunkoson kasuwa, sai injin ya yi rawa ya mutu.

Mun shirya wannan bayani ne domin amfanin direbobi, da masu motoci, da jami'an da ke kula da motocin hukuma. Manufarmu ita ce mai karatu ya san abin da ke faruwa a cikin injin, ya iya lura da alamomi, ya kuma iya yi wa makanike bayani mai ma'ana, domin kada a sa shi sayen kafireta sabuwa ko sauke inji a kan matsalar da wanke ƙaramin jet ko canza guntun tiyo zai magance ta.

Haɗarin da Ke Tattare da Matsalar

Mutane da yawa sun ɗauki mutuwar mota a silo a matsayin abin da ake haƙuri da shi, ana ta yin kik ana ci gaba da tafiya. Muna jan hankalin jama'a cewa lamarin ya wuce haka. A yawancin motoci masu amfani da fetur, tukunyar da ke taimaka wa burki tana samun ƙarfinta ne daga zuƙar iskar da inji ke yi. Idan inji ya mutu, bayan an taka burki sau biyu ko uku sai ya yi tauri, ya buƙaci ƙarfin ƙafa sosai kafin ya kama. Motar da ke da sitiyari mai aiki da famfon mai ita ma sitiyarinta yakan yi nauyi nan take. Idan wannan ya faru a gangare, ko a tsakiyar mahaɗar babbar hanya, ko a kan layin dogo, rayuka ne ke cikin haɗari. Bayan haka, yawan yin kik yana cinye batir da na'urar kik ɗin kanta, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, duk injin da ke zubar da mai a banza yana cin aljihun mai shi fiye da da.

Mene ne Silo?

Silo shi ne yanayin da inji ke aiki shi kaɗai, mota tana tsaye, ba a taka totur ba. A yawancin motocin fetur, idan inji ya ɗumi yakan yi zagaye 700 zuwa 900 a minti ɗaya. A wannan yanayi bakin totur a rufe yake, sai ɗan siririn gibi ko wata ƙaramar hanya ta gefe da iska ke bi. Man da ke shiga shi ma kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka ƙarfin da inji ke samarwa a silo iyakarsa ya juya kansa, ya juya altaneta da famfon ruwa, babu wani rara mai yawa.

Domin inji ya ci gaba da aiki yana buƙatar abubuwa huɗu: iska, da mai, da wuta a bakin fulogi a kan lokaci, da matsi a cikin silinda. Ma'aunin da fetur ya fi ƙonewa da kyau a kansa shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a bisa nauyi. Idan mota tana gudu, iska da mai suna shiga da yawa, ƙaramar ɓaraka ba ta canza wannan ma'auni sosai. A silo kuwa, ɗan tsagin da bai kai ƙwayar gero ba a jikin tiyo ya isa ya rikita shi. Wannan ne dalilin da ya sa laifin da ya ɓuya a kan hanya yake bayyana a wurin tsayawa.

Irin Motocin da Muke Magana a Kai

Tsofaffin motocin da ke hannun jama'a sun kasu gida biyu. Kashi na farko su ne masu kafireta. Fitacciya a cikinsu ita ce Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kuma masana'antar harhaɗa motocin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Har yau ana ganin a-kori-kura da wagon ɗinta a hanyoyin kasuwannin karkara. A wannan rukuni akwai Peugeot 505, da tsofaffin Toyota Hiace da Corolla, da yawancin Volkswagen Golf ƙirar shekarun 1980.

Kashi na biyu su ne masu injekta, waɗanda wata ƙaramar kwamfuta, da makanikai ke kira birenbos, ke auna musu mai ta hanyar karanta saƙonni daga na'urorin sansa. Yawancin motocin da aka shigo da su na hannu, ƙirar shekarun 1990 zuwa sama, irin wannan ne. Abu na farko da ya kamata mai mota ya sani shi ne wane iri ne nasa, domin hanyar binciken ta bambanta, kuma ba kowane makanike ne ya ƙware a duka biyun ba.

Mataki na Farko: Lura da Lokacin da Take Mutuwa

Kafin a ɗauki sifana, a fara da tambaya. Direban da ke tare da motar kullum shi ne ya fi kowa sanin halinta, kuma amsoshinsa kan rage rabin aikin. Ga abubuwan da ya dace a lura da su:

1. Idan tana mutuwa da safe kawai, musamman a lokacin hunturu, amma ta daidaita bayan ta ɗumi, a duba cok a mota mai kafireta. A mai injekta, a duba sansar zafin ruwa da bawul ɗin silo.

2. Idan sai ta yi zafi take mutuwa, ta kuma ƙi tashi sai ta huce, ana zargin kwayil, ko sansar da ke karanta juyawar karanshaf, ko bawul da aka ɗaure da yawa, ko man da ke tafasa a cikin bututu.

3. Idan tana mutuwa ko rawa duk lokacin da aka taka burki, alhali mota tana tsaye, a duba tukunyar burki da babban tiyon da ya haɗa ta da manifol.

4. Idan sai an kunna fitila, ko iyakwandishan, ko an murɗa sitiyari har ƙarshe, to silon ya yi ƙasa, ko na'urar da ke ɗaga shi ta daina aiki, ko altaneta ta gaza.

5. Idan matsalar ta fara ne bayan an sha mai, a zargi man.

6. Idan ta fara ne bayan wani gyara, a koma wurin da aka taɓa. Sau da yawa tiyo ne aka manta ba a mayar ba, ko waya aka sauya wa wuri.

Haka kuma a lura da yadda take mutuwa. Injin da ya ɗauke farat ɗaya, kamar an kashe makulli, galibi matsalar wuta ce. Wanda ya yi ta tari da shessheƙa kafin ya mutu, galibi matsalar mai ce ko iska.

Akwai gwaji mai sauƙi ga mota mai cok na hannu. Idan inji ya ɗumi yana neman mutuwa, a ja cok kaɗan. In ya daidaita, mai ne ya yi masa kaɗan ko iska ta yi yawa. In ya ƙara shaƙewa yana fitar da baƙin hayaƙi, mai ne ya yi yawa. Wannan gwaji kaɗai yana nuna ɓangaren da za a dosa.

Matsalolin Iska

Iska na iya yin kaɗan, tana kuma iya yin yawa. Ƙarancinta yakan zo ne daga matatar iska da ta toshe. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke sauka, da kuma a hanyoyin birji, matatar kan cika da ƙura tun kafin wa'adin da aka rubuta a littafin mota. A cire ta a ɗaga ta ga rana. In haske bai ratsa ta ba, a canza ta. Muna gargaɗin direbobi da su guji cire ta gaba ɗaya don mota ta “sha iska”. Ƙurar da za ta shiga tana cin zoben fistin da bangon silinda kamar sanfefa, kuma ƙarshen abin shi ne sauke inji.

Yawan iska kuwa shi ne ɓarawon da ya fi wuyar kamawa. Duk iskar da ta shiga inji ta bayan totur, ba ta bi ta kafireta ko na'urar auna iska ba, tana sirka man ya yi rauni. Zafin bazara da tsufa suna busar da roba har ta tsage. Wuraren da ya kamata a bincika su ne: ƙananan tiyoyin da ke manne da kafireta da manifol, da tiyon da ke zuwa distiributa, da tiyon tukunyar burki, da tiyon numfashin inji da ke fitowa daga murfin bawul, da gasket ɗin da ke ƙarƙashin kafireta, da na manifol. A mota mai injekta a ƙara da babban tiyon nan mai lanƙwasa da ke tsakanin matatar iska da totur, domin yakan tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani.

Hanyar gano wurin ita ce a kasa kunne ga ƙara mai kama da huci, sannan a matse tiyoyin ɗaya bayan ɗaya da filaya. Wanda aka matse inji ya daidaita, laifin yana kansa ko a na'urar da yake kaiwa gare ta. Wasu kan yayyafa fetur a jikin inji mai zafi don su ji canjin ƙara. Wannan ɗabi'a tana iya tayar da gobara, kuma ba mu goyon bayanta. A tsohuwar kafireta, sandar da ke juya totur takan cinye mazauninta har iska ta riƙa shiga ta nan. Idan aka girgiza sandar aka ji tana motsi sama da ƙasa, babu saitin da zai zauna sai an gyara mazaunin.

Matsalolin Mai a Mota Mai Kafireta

A cikin kafireta akwai jet na musamman da ke ba inji mai a silo. Raminsa ƙanƙane ne, a yawancin ƙananan motoci wajen rabin milimita, don haka ƙwayar tsatsa guda ta isa ta toshe shi. Alamarsa a fili take: mota tana amsa totur, tana gudu, amma ba ta tsayawa a silo ko kaɗan. Maganinsa shi ne a cire shi, a wanke da maganin wanke kafireta, a hura da iskar famfo. Kada a zura masa allura ko waya, domin hakan yana faɗaɗa ramin, daga nan motar ta koma shan mai har abada. Kada kuma a hura da baki ko a zuƙi fetur da tiyo, domin ɗigon da ya sarƙe zuwa huhu yana iya jawo ciwo mai tsanani.

A yawancin kafiretoci akwai wata ƙaramar na'ura mai waya ɗaya da aka ɗaura a kan hanyar man silo. Aikinta shi ne ta yanke mai idan an kashe makulli, domin inji ya tsaya nan take. Idan wayarta ta cire, ko fis ɗinta ya ƙone, sai ta rufe hanyar alhali inji yana aiki, alamar ta zama daidai da ta jet da ya toshe. A buɗe makulli ba tare da yin kik ba, a cire wayar a sake taɓa ta. In na'urar tana da lafiya za a ji ɗan ƙaran “ƙas”. Wannan gwaji na minti ɗaya yana iya hana sayen kafireta.

Ɗaya ɓangaren shi ne ambaliyar mai. A cikin kwanon kafireta akwai fulot da allurar da ke rufe mai idan kwanon ya cika. Idan fulot ya huje ya nutse, ko datti ya tokare allurar, mai zai riƙa kwarara cikin inji. Alamomin su ne warin fetur, da baƙin hayaƙi, da fulogi mai baƙin toka, da jiƙewar jikin kafireta. Cok na atomatik da ya maƙale a rufe shi ma haka yake yi. Motar da ke zubar da mai a kan inji mai zafi a ajiye ta har sai an gyara.

Sai kuma hanyar da mai ke bi daga tanki. Filtar mai da ta toshe da famfon mai da ya gaji sun fi nuna kansu a hawan tudu ko da kaya, amma idan sun yi tsanani sukan kashe mota a silo. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a sassa da dama na Arewa, fetur na iya tafasa a cikin bututun da ya ratsa kusa da salansa, famfo ya riƙa jan tururi maimakon mai. Jiƙaƙƙen tsumma a kan famfo dabarar fita daga daji ce kawai. Gyaran shi ne a nesanta bututun da zafi a mayar da garkuwar da ke kare shi. Haka nan idan ramin numfashin tanki ya toshe, mota takan yi 'yan kilomitoci ta mutu, kuma idan aka buɗe murfin tanki a ji ya zuƙi iska, sai ta tashi.

Ingancin Man Kansa

Ba kowane laifi ne na mota ba. A watan Fabrairu na 2022 hukumomi sun sanar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, aka janye shi daga kasuwa, kuma masu motoci da dama sun koka da lalacewar injuna. A karkara, inda gidajen mai ke da nisa, jama'a kan dogara ga 'yan bumburutu, kuma man da ya zauna a jarka yana iya ɗauke da ruwa, ko ƙasa, ko gaurayen kananzir. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka yana kwanciya a gindin tanki da gindin kwanon kafireta, daidai inda ake jan mai. Domin tabbatarwa, a tsiyayi kaɗan a cikin kwalba mai haske, a ajiye ta 'yan mintoci nesa da wuta. In akwai ruwa za a ga ya rabu ya kwanta a ƙasa. A irin wannan hali sai an juye tanki, an canza filta, an wanke kafireta. Duk wanda ya zama dole ya sha mai daga jarka, ya tace shi da mazurari mai raga, ya kuma guji zuba na ƙarshen jarkar.

Matsalolin Wuta

A fara da fulogi, domin launinsa yana ba da labarin cikin silinda. Ruwan ƙasa mai haske alamar lafiya ce. Baƙin toka busasshe yana nuna yawan mai ko raunin wuta. Jiƙewa da baƙin mai tana nuna zoben fistin ko robar bawul ta gaji. Fari fat yana nuna ƙarancin mai ko yawan zafi. Idan guda ɗaya ne kawai ya bambanta da sauran, laifin yana wannan silinda.

A motoci masu kwantak, kamar yawancin 504, bakin kwantak yana cinyewa, gibinsa yana raguwa, kuma hakan yana canza tayimin ba tare da kowa ya taɓa distiributa ba. A Peugeot 504 gibin kwantak wajen milimita 0.4 ne, na fulogi wajen 0.6, kuma jerin wutar silinda shi ne 1-3-4-2. A auna da ma'aunin gibi, ba da ƙiyasin ido ba. Kwandensa da ta lalace tana ƙona bakin kwantak da wuri. A duba murfin distiributa da rota ko akwai tsagi ko baƙin layi, musamman idan matsalar tana tsananta da damina ko bayan an wanke inji. Wayoyin fulogi da suka tsufa sukan zubar da wuta. Idan aka buɗe bonet cikin duhu inji yana aiki, ana iya ganin tartsatsi yana tsalle daga jikinsu. Kada a kama su da hannu inji yana aiki.

Batir da altaneta su ma suna da hannu. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6 idan inji a kashe yake. Idan inji yana aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da haka, a duba fanbel ko ya saki, a duba kan batir ko ya yi gishiri, a duba wayar da ta haɗa inji da bodi. Wasu masu gyaran waya kan cire kan batir inji yana aiki don gwada altaneta. A mota mai birenbos wannan yana iya ƙona kwamfutar, wadda kuɗinta ya ninka na mita sau da yawa.

Motoci Masu Injekta

A waɗannan motoci babu jet ɗin silo. Kwamfuta ce ke riƙe silo ta hanyar buɗe wani bawul da ke barin iska ta kewaye totur, ko kuma, a ƙirar baya-bayan nan, ta hanyar motsa totur ɗin kansa da ƙaramin moto. Abin da ya fi yawan kashe su shi ne baƙin datti mai danƙo da ke taruwa a bakin totur da cikin wannan bawul. Wanke su da maganin da aka tanada yakan warware matsalar. Bayan wankewa, ko bayan an cire batir, wasu motocin sukan ɗauki ɗan lokaci kafin kwamfuta ta sake koyon silo, wasu kuma sai an saita su da na'ura.

Sauran abubuwan zargi su ne: na'urar auna iska da ta yi ƙura, sansar zafin ruwa da ke gaya wa kwamfuta cewa inji yana da sanyi alhali ya yi zafi, bawul ɗin da ke mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji, wanda ya kamata ya kasance a rufe a silo amma datti ya tokare shi a buɗe, famfon mai na cikin tanki da ya gaza kawo matsin da ake buƙata, wanda a yawancin waɗannan motoci wajen ba 3 ne, da kuma katalis ɗin cikin salansa, wanda ake kira indomi, idan ya narke ya toshe hanyar hayaƙi. Yawan tafiya da tanki kusan wayam yana gajiyar da famfon, domin man ne ke sanyaya shi.

A nan muna so mu taɓo wata al'ada da ta yaɗu, wato cire tamostat da zarar an sayi mota, a bisa tunanin cewa na ƙasashen sanyi ne. Injin da babu tamostat yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta yi ta ƙara masa mai, fulogi ya yi baƙi, silo ya lalace. Idan mota tana zafi, a nemi dalilin a lagireto, da fanka, da famfon ruwa.

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Tarayyar Turai daga 2001, suna da soket mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar gwaji. Lambar P0505 tana nuni ga tsarin riƙe silo, P0171 ga ƙarancin mai a cikin gaurayen, P0300 ga silinda da ke fashin wuta, P0335 kuma ga sansar karanshaf. Lambar tana nuna ɓangaren da za a bincika ne, ba ta cewa a sayi wani abu. Tsagaggen tiyo ma yana iya haifar da P0171.

Matsi da Giya

Idan iska da mai da wuta duk sun yi daidai amma inji yana rawa, a auna matsin kowace silinda da ma'auni. Bambancin da ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 tsakanin silinda yana nuna bawul ya ƙone, ko zobe ya gaji, ko gasket ɗin kan inji ya huje. Farin hayaƙi mai kauri da raguwar ruwan lagireto suna ƙarfafa zargin gasket. A injunan da ake saita bawul da hannu, gibin da ya yi kaɗan yana hana bawul rufuwa idan ƙarfe ya yi zafi ya buɗe. A 504 ana saita shi inji yana da sanyi: milimita 0.10 ga bawul ɗin shiga, 0.25 ga na fita.

Idan kuwa inji yana silo lafiya a furi, sai an sa giya ake tsayawa yake mutuwa, a duba kuloci ko ba ya saki sosai. A mota mai giyar atomatik, akwai wani makulli a cikin tukunyar giya da ke kamawa a kan gudu. Idan ya ƙi saki, mota takan mutu a wurin tsayawa kamar an taka burki ba a taka kuloci ba. A motocin dizal kuma, abin da ya fi yawa shi ne iska ta shiga bututun mai, ko filta ta toshe, ko ruwa ya taru a gindinta.

Ƙara Silo Ba Magani Ba Ne

Gyaran da aka fi yi a bakin hanya shi ne a murɗa sukurun silo har inji ya riƙa kuka. Motar za ta daina mutuwa, amma laifin yana nan, mai yana ƙonewa a banza, giya tana ƙara wajen shiga, inji yana ƙara zafi a cunkoso. Saitin kafireta shi ne aiki na ƙarshe, bayan an tabbatar da matatar iska, da bawul, da fulogi, da kwantak, da tayimin, kuma inji ya ɗumi. Duk gwajin da ake yi inji yana aiki a yi shi a fili. Hayaƙin mota yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kisa a rufaffen gareji. A sa giya a furi, a ja burkin hannu, a tattare hannun riga da rawani daga fanka da fanbel.

Kira ga Direbobi da Jami'an Ƙananan Hukumomi

Idan mota ta mutu tana cikin tafiya, direba ya riƙe sitiyari da kyau, ya taka burki da ƙarfi sau ɗaya ba tare da famfawa ba, ya kunna fitilun gargaɗi, ya gangara gefen hanya. Kada ya zare makulli mota tana motsi, domin sitiyari na iya kullewa. In a kan layin dogo ne kuma jirgi yana tafe, fasinjoji su fita su nisanci wurin kafin a yi tunanin motar.

Ga jami'an da ke kula da motocin hukuma, muna ba da shawarar a ajiye wa kowace mota littafi da za a riƙa rubuta ranar gyara, da adadin kilomita, da abin da aka canza, da wurin da aka sha mai. Kafin a amince da takardar kuɗin kafireta, ko birenbos, ko sauke inji, a nemi makanike ya rubuta gwaje-gwajen da ya yi da sakamakonsu, musamman awon matsi, a kuma karɓi tsofaffin kayan da aka cire. A bi tsarin bincike daga mai araha zuwa mai tsada, a canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu. Motar ɗaukar marasa lafiya kuwa a tayar da ita kowace safiya, a bar ta ta ɗumi, a kunna fitilu, a taka burki, a murɗa sitiyari, a tabbatar silonta ya zauna. A ajiye filtar mai, da fulogi, da fis, da guntun tiyo a cikinta. Wadda ta nuna alamar mutuwa a gyara ta a ranar, kada a jira sai an ɗauko mara lafiya.